Hannun Kakanmu da Gyaɗa Ashirin

 A gidanmu da ke Ambursa, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, akwai wani ƙaramin kwanon silba da ba a cin abinci a cikinsa. Yana nan a ɗakin kakanmu, kusa da buzunsa na salla. Baƙo in ya gan shi zai ɗauka kwanon ajiye goro ne, amma mu jikokin gidan mun san tarihinsa, domin kusan shekara guda muka yi muna ɗauko shi kowace la'asar. Labarin kwanon nan za mu ba ku yau, tare da abin da muka gano game da shi bayan mun shiga jami'a. Mun fi so ya kai kunnen waɗanda aka taɓa ce wa a cikin aji kansu ba ya ja.

Kakanmu manomin shinkafa ne a fadama, kuma masunci tun yana saurayi. Ya sha faɗawa ruwan Matan Fada da homa da gora a bikin kamun kifi na Argungu, kuma har ya tsufa mutane na kawo masa komarsu ya ɗinke musu inda ta yage. Hannunsa na dama shi ne jarinsa. Wata safiya cikin hunturu, lokacin muna aji uku na ƙaramar sakandare, ya tashi zai yi alwala sai buta ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannu ya ƙi. Kafin hantsi bakinsa ya karkace, maganarsa ta yi nauyi, ƙafar dama ma ta daina ɗaukarsa.

A nan muka yi kuskuren da har yau yake damunmu. Kwana biyu aka yi ana shawara a zaure. Wasu suka ce iska ce ta buge shi a fadama, wasu suka ce sammu ne. Aka yi ta hayaƙi da shafe-shafe. Sai a rana ta uku da baffanmu ya iso daga Sakkwato ya sa aka ɗauke shi zuwa asibiti a Birnin Kebbi. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cinsa ba a sani ba, har wata jijiyar jini ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, wani yanki ya rasa jini ya lalace. Wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki. Muka yi ta mamakin yadda ciwo ke hagu amma hannun dama ne ya shanye, har aka bayyana mana cewa jijiyoyin da ke kai umarnin motsi suna ƙetarewa kafin su sauka cikin laka, shi ya sa ƙwaƙwalwar hagu ke tafiyar da jikin dama, ta dama kuma ke tafiyar da na hagu.

Da aka sallamo shi, abin da ya fi yi masa ciwo shi ne cin abinci da hagu. Ya daina ci a gaban mutane. In an kawo tuwo sai ya ce a sa masa a ɗaki a ja labule. Wata rana muka ji yana ce wa kakarmu, “Shekara saba'in ban kai loma baki da hagu ba, sai yanzu da nit tsufa. Hannun ga ya mutu, ku bar wahal da kanku.”

Cikin neman mafita wani abokin arziki ya sayo masa awarwaro mai maganaɗisu daga hannun wani mai talla a kasuwa, aka ce yana jawo jini zuwa inda ya shanye. Kuɗi masu kauri aka biya. Wata guda yana ɗaure da shi, ban da shatin da ya bar masa a wuyan hannu ba mu ga komai ba. Ku riƙe labarin awarwaron nan, za mu dawo kansa.

Wadda ta canza mana al'amarin ita ce wata ma'aikaciya a sashen gashi na asibitin. Ta riƙe hannun ta jujjuya, ta ce, “Baba, hannunka bai mutu ba. Hanyar da saƙo ke bi ya iso gare shi ce ta yanke, sai mun sa an buɗe wata.” Sannan ta juyo ta dube mu ta ce mu ne likitocinsa a gida. Bayan motsa kafaɗa da gwiwar hannu da ta koya mana, ta ba mu aiki guda: kwano biyu da gyaɗa ashirin. Kullum Kaka zai kwashe gyaɗar daga wannan kwano zuwa wancan da hannun dama, na hagu kuma ya ajiye shi a bayansa kamar ba nasa ba.

Aikin da yaron goye zai gama yana wasa, makon farko ko ƙwara ɗaya Kaka bai ɗaga ba. Kafaɗa ce kawai ke motsi, yatsu na kwance. Cikin sanyin nan sai ka ga gumi na tsatssafo masa a goshi. Muka raba kwanaki a tsakaninmu, kowa da ranarsa bayan an taso daga islamiyya. Wani lokaci ya yi ta tsokanarmu yana cewa, “Ku ɗiyan zamani, ba ku da aikin yi sai sa tsoho wasan yara?” Wani lokacin kuma ransa ya ɓaci da gaske. Akwai ranar da ya sa ƙafar hagu ya ture kwanon, gyaɗa ta watse a tsakar ɗaki, kakarmu ta tsince ba ta ce uffan ba, ta sake ajiye masa a gabansa.

Wajen mako na shida ya fara turo gyaɗa da gefen hannu. A wata na uku babban yatsa da manuni suka haɗu suka ɗaga ƙwara ɗaya, ta faɗi a hanya. Muka fara rubuta lissafi da gawayi a bango: yau biyu, gobe biyu, jibi ɗaya, bayan mako huɗu. Akwai makonnin da lissafin ya tsaya cik har muka fara cire rai, sai kuma ya sake motsawa. Daga gyaɗa aka koma jan carbi, daga carbi aka koma ɓalle maɓallin riga. A wata na takwas, wani dare aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, ya ce kada a ja labule. Ya sa hannun dama ya yanko loma, rabinta ta zube a tabarma, rabi ya kai baki. Kakarmu ta juya baya tana share ido da bakin mayafi.

Ba za mu ɓoye muku ba, bai koma yadda yake ba. Yatsunsa biyu na ƙarshe har yau a lanƙwashe suke, yana jan ƙafa, ɗinkin koma kuwa ya bar wa wasu. Amma yana ci da dama, yana jan carbi da dama, yana miƙa hannu a gaisa.

Mun ɗauki abin a matsayin ikon Allah da haƙurin tsoho, kuma haka ne. Yadda abin ya faru a cikin kansa ne ba mu gane ba sai a shekararmu ta biyu a jami'a, a darasin yadda sassan jiki ke aiki. Malaminmu ya haska mana wani ɗan bidiyo. Mutum na zaune a kujera idonsa biyu, an ɗora masa wani abu mai siffar lamba 8 a gefen kansa na hagu. Aka danna, aka ji ƙas, sai babban yatsansa na dama ya zabura shi kaɗai. Ba a yanka ba, ba a huda ba, ba a sa masa allurar barci ba. Aji ya kaure da hayaniya. Wannan ita ce na'urar zungurar ƙwaƙwalwa da maganaɗisu, wadda masana ke taƙaita sunanta da TMS.

Asalinta yana cikin littafinku na fiziks. A 1831 Michael Faraday ya gano a Ingila cewa ƙarfin maganaɗisu in yana canzawa yakan haifar da lantarki a cikin wayar da ke kusa da shi. Da wannan ƙa'ida janareta da taransfoma ke aiki. Su kuwa ƙwayoyin jijiya da ke cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda yawansu ya kai kimanin biliyan 86, da ɗan ƙaramin lantarki suke aika saƙo. A 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a birnin Sheffield na Ingila suka haɗa waɗannan biyun. Suka naɗe waya, suka sakar mata lantarki mai ƙarfi na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Ƙarfin maganaɗisun da ya taso ya ratsa fata da ƙoƙon kai ba tare da ciwo ba, ya haifar da ɗan lantarki a saman ƙwaƙwalwa, zurfin santimita biyu zuwa uku. Ƙwayoyin jijiyar wurin suka aika saƙo kamar mai su ne ya yi niyya, hannu ya motsa.

A nan muka tuna awarwaron Kaka. Maganaɗisun da ke zaune wuri ɗaya, ƙarfinsa ba ya hawa ba ya sauka, ba ya haifar da lantarki a jijiya. Ko shekara za a yi ana ɗaure da shi, jijiya ba ta san yana yi ba. Da mun san darasin Faraday a lokacin, da kuɗin nan sun tafi sayen maganin hawan jini.

Ɗaya daga cikin amfanin da masana suka samu da na'urar shi ne zana taswira. A matsar da ita kaɗan-kaɗan a kan fatar kai, ana dannawa ana auna zaburar tsokar yatsa, duk inda yatsa ya amsa a sa alama. In an gama sai a ga faɗin yankin da ke kula da wannan yatsan, kamar yadda ake auna gona. Shekaru da yawa likitoci sun ɗauka cewa in mutum ya girma iyakokin gonakin nan ba sa motsi. Na'urar ta taimaka wajen nuna cewa suna motsi, kuma da sauri.

A 1995 Alvaro Pascual-Leone da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa wani bincike. Sun samo manyan mutane da ba su iya kaɗa fiyano ba, suka koya musu wani tsari na danna maɓallai da yatsu biyar na hannu ɗaya, awa biyu kullum har kwana biyar. Kowace rana ana auna taswirarsu. Cikin kwana biyar ɗin yankin da ke kula da yatsun ya faɗaɗa. Wasu kuma aka bar su su yi ta danne-danne yadda suka ga dama na tsawon wannan lokaci, ba tare da wani tsari da suke ƙoƙarin ƙwarewa a kai ba. Canjin da aka gani a wurinsu bai kai na farkon ba. Kashi na uku aka ce su zauna gaban fiyano su riƙa yin aikin a zuci, kada su motsa yatsa. Su ma taswirarsu ta canza, ko da yake iyawarsu ba ta kamo ta masu yi da hannu ba.

A 1997 Leonardo Cohen da tawagarsa, su ma a Amurka, suka gwada na'urar a kan mutanen da suka makance tun suna ƙanana, masu karanta rubutun makafi da yatsa. Yankin ƙwaƙwalwa da ke kula da gani yana ta ƙeya ne. Da aka zunguri wurin suna cikin karatu, sai suka fara kuskuren haruffa. Masu ido da aka yi wa haka, taɓawarsu ba ta rikice ba. Ashe gonar gani da ido ya bari ba ta zauna saura ba, yatsa ne ya karɓe ta yana nomawa.

Binciken da ya sa muka tuna gida shi ne wanda Joachim Liepert da Edward Taub da abokan aikinsu suka wallafa a shekarar 2000 daga Jamus. Sun ɗauki mutum 13 da suka daɗe da shanyewar ɓarin jiki. Da aka auna, yankin da ke kula da hannun da ya shanye ya ƙanƙance in an kwatanta da na lafiyayyen. Sai aka ɗaure musu hannun lafiyar, aka sa su aiki da mai ciwon awoyi da yawa kullum har kwana 12. Da aka sake aunawa yankin ya faɗaɗa, hannun kuma ya ƙara aiki. Muna zaune a aji amma abin da muke gani shi ne Kaka da hannun hagu a bayansa, da kwano biyu a gabansa.

Wannan hali na ƙwaƙwalwa shi za mu kira tanƙwaruwa. Kowace ƙwayar jijiya tana haɗe da dubban 'yan'uwanta. Mahaɗar da ake yawan aika saƙo ta cikinta tana ƙara ƙarfi, wadda aka daina bi tana raunana. Wani masani ɗan Kanada, Donald Hebb, ya kawo wannan bayani tun 1949. Mu mutanen fadama mun san misalinsa. Lokacin ambaliyar 2020 da ruwa ya cinye gonakin shinkafa ya yanke hanyoyi a Jihar Kebbi, mutane ba su zauna ba, sun riƙa zagayawa ta cikin ciyawa. Na farko ya sha wuya, na goma ya ga sawu, bayan wata guda ta zama turba. Ƙwayoyin da suka mutu a kan Kaka ba su dawo ba. Maƙwabtansu ne suka koyi aikin, kuma kowace gyaɗa da ya yi yunƙurin ɗagawa sawu ɗaya ce a sabuwar turbar.

Ana kuma amfani da na'urar wajen magani. In aka jera zungura da yawa, ana iya ƙara wa wani yanki kuzari ko a rage masa na wani lokaci. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da ita ga manya masu ciwon tsananin damuwa da magani bai yi musu aiki ba. Majinyaci yakan je kwana biyar a mako har mako huɗu zuwa shida, yana zaune idonsa biyu, a gama ya koma gida da ƙafarsa. Wasu suna samun sauƙi, wasu ba sa samu. Takan jawo ciwon kai ko zafin fatar kai, kuma jefi-jefi takan tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya, shi ya sa ake yin ta ƙarƙashin kulawar ƙwararren likita, bayan ya tabbatar babu ƙarfe a cikin kan mutum. Ga masu shanyewar ɓarin jiki ana ci gaba da gwada ta, sakamakon ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma tare da motsa jiki ake haɗa ta. Na'urar tana iya share fage, amma maimaitawa ce ke kafa turba.

Yanzu bari mu zo kanku. Muna aji huɗu wani malami ya miƙo mana takardar jarrabawar lissafi, bakwai cikin arba'in, ya ce a gaban aji, “Ƙwaƙwalwar kifi.” Aka yi dariya. Mun yarda da shi, har muka daina buɗe littafin, muna cewa kowa da irin kan da Allah Ya ba shi. Abin kunyar shi ne a wannan lokacin ne muke tsare tsoho ɗan shekara saba'in kullum la'asar muna ce masa ya sake gwadawa. Kakarmu ce ta ankarar da mu. Ta ce, “Kun hana tsoho hutu kan gyaɗa, ku kuma lissafi ya kore ku?” Daga ranar muka ɗora wa kanmu tambaya biyar kullum bayan magariba, daga inda muka fi rauni, mu duba inda muka kuskure mu sake. Ba mu zama na ɗaya a aji ba, amma mun samu kiredit a jarrabawar fita, kuma da shi muka shiga jami'a.

Gaskiya ne mutane ba ɗaya suke ba, wani yana kama abu da sauri fiye da wani. Gaskiya ne kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro ya fi babba saurin ɗaukar harshe, ku ma yanzu kun fi kakanninku sauƙin koyo. Amma in kan da jini ya yanke wa wani yanki ya iya buɗe sabuwar hanya a shekara saba'in, ɗan shekara goma sha biyar ba shi da hujjar yanke wa nasa hukunci saboda takarda ɗaya.

Abin da binciken fiyano ya koya mana, malaman allo sun daɗe suna aiki da shi. Ba a haddace izu a dare ɗaya; kullum ake biyawa, a wanke, a yi tilawa. Kaɗan kullum ya fi tari ranar jajibirin jarrabawa. A sa hankali a kan abin da ba a iya ba, domin buɗe littafi ido na kan waya danne-dannen banza ne. In kun rufe littafi ku gwada maimaita abin a zuci. Ku yi barci isasshe, saboda a cikin barci ƙwaƙwalwa ke ƙarfafa abin da aka koya da rana. Ku kuma sani ita ba ta zaɓe: yadda take ƙarfafa turbar lissafi haka take ƙarfafa turbar ƙwaya da sigari in su ake yawan bi, shi ya sa barinsu ke wuya.

Saƙo na ƙarshe na gida ne. Ku matsa wa iyaye da kakanni su riƙa auna hawan jini ko ba sa jin ciwon komai. In kuka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, kada a zauna shawara a zaure. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya asibiti, domin duk awar da ta wuce ƙarin ƙwayoyin jijiya ne ke mutuwa. In an sallamo shi kuma a fara motsa jiki da wuri bisa shawarar ma'aikatan gashi, saboda watannin farko ne aka fi samun ci gaba.

Da muka je hutun da ya wuce, mun zauna muna ba Kaka labarin na'urar da ke sa yatsa motsi ba tare da an taɓa shi ba. Ya saurara har muka gama, ya ce, “To, ran da taz zo Ambursa ku kira ni in gani. Kahin nan, miƙo mani kwanon can.” Muka miƙa masa. Ya kwashe gyaɗa ashirin ɗin ɗaya bayan ɗaya da dama, ya ɓare uku ya ci, sauran ya raba wa ƙannenmu. Allah Ya ƙara masa lafiya, mu kuma Ya ba mu ilimi mai amfani.